Idan lanca ta mutu ta bar wasa a kwamfutarka

Ƙanina ne ya shigo da laftof ɗinsa bayan sallar isha'i, ya ajiye a kan tabarma a gabana ya ce, "Yaya, don Allah duba min, wasan nan ya ƙi fita." Ma'ajiyar kwamfutar gigabait 256 ce, layin da ke nuna cikarta ya riga ya yi ja, ga shi yana son ɗora manhajar da zai yi aikin makaranta da ita. Da muka duba sai muka tarar wani wasan harbe-harbe, wanda rabonsa da shi ya fi shekara biyu, ya mamaye kusan kashi ɗaya cikin uku na wurin. Ya danna maɓallin cirewa ina kallo. Wata taga ta buɗe, ta ɗan yi juyi, ta rubuta cewa an daina aiki da wannan manhaja, ta rufe kanta. Wasa na nan daram. Ya sake dannawa, haka dai. Shi har ya yanke shawarar kai ta wurin masu gyara a yi mata fomatin, a wanke komai a sake sabon lale.

Ba sai an kai ga haka ba. Amma kafin hannu ya taɓa komai, gara mutum ya fahimci abin da ya lalace tukuna.

Lanca ita ce manhajar da kamfani ke sa ka ɗora kafin ka samu wasansa: Steam ta kamfanin Valve, wadda ta fito tun 2003, da Battle.net, da Epic Games Launcher, da EA app, da Ubisoft Connect, da sauransu. Ita ce shago, ita ce mai gadi. Ita ke sauke wasan, ta sabunta shi, ta tabbatar ka biya kuɗinsa, kuma ita ke da alhakin fitar da shi ranar da ka gaji.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, Windows da kanta ba ta san yadda ake cire irin waɗannan wasanni ba. Jerin manhajojin da kake gani a Settings, ko a tsohon shafin Programs and Features, tamkar littafin mai gadin masauki ne: ga sunan baƙo, ga ɗakin da ya sauka, ga lambar wanda za a kira in an tashi sallamarsa. Duk manhajar da aka ɗora ita ke rubuta wannan bayani a cikin rajistar Windows, wato kundin da take ajiye bayanan saitinta, a wani reshe mai suna Uninstall. A ciki akwai layin DisplayName, wato sunan da ke fitowa a jerin. Sau da yawa akwai InstallLocation, wanda ke nuna inda fayilolin suke. Sai kuma UninstallString, umarnin da za a zartar idan ka danna maɓallin cirewa. Aikin Windows bai wuce ta karanta wannan layi ta kira wanda aka rubuta ba.

To wa aka rubuta? Idan ka ɗora Dota 2 ta Steam, layin zai nuna steam.exe ne, sannan steam://uninstall/570, domin 570 ce lambar wasan a wurin Valve. Ma'ana, "a kira Steam ta zo ta cire kayanta." Wasannin Battle.net kuma layinsu yana nuni ne zuwa wani fayil mai suna Blizzard Uninstaller da ke cikin foldar ProgramData. Ita ma lanca tana da nata littafin dabam. Steam tana ajiye ɗan ƙaramin fayil ga kowane wasa a foldar steamapps, irin su appmanifest_570.acf, Epic kuma tana ajiye nata a foldar Manifests da ke ƙarƙashin ProgramData. Idan wannan ɗan fayil ya ɓace, lanca za ta nuna kamar ba ta taɓa ganin wasan ba, alhali ga shi jibge a ma'ajiya. Idan kuma lancar ce ta mutu, ko kamfani ya zare wasan daga cikinta, Windows za ta ci gaba da kiran lambar da aka riga aka kashe. Matsalar ke nan gaba ɗayanta. Wasan ba shi da wani ƙarfi na musamman da yake riƙe kansa da shi, mai sallamarsa ne kawai ba ya nan.

Abin ya sha faruwa, kuma manyan kamfanoni ne a ciki. Destiny 2 ya fito a kwamfuta ranar 24 ga Oktoba 2017 ta Battle.net. A Janairun 2019 kamfanin Bungie, wanda ya yi wasan, ya raba gari da Activision, 'yan gida ɗaya da masu Battle.net, ranar 1 ga Oktoba ta wannan shekarar kuma wasan ya koma Steam. Wanda bai cire tsohon kwafinsa ba sai ya wayi gari da gigabait masu yawa na wasan da ba ya buɗuwa, ga kuma sabon saukewa yana jiransa a ɗaya ɓangaren. Lancar Bethesda ta bi sahu bayan Microsoft ta sayi uwar kamfanin a 2021: an buɗe ƙofar kwashe wasanni zuwa Steam ranar 27 ga Afrilu 2022, ranar 11 ga Mayu kuma lancar ta daina tayar da wasa. Origin ta kamfanin EA, wadda ta fara aiki a 2011, an rufe ta ranar 17 ga Afrilu 2025, kuma EA app da ta gaje ta ba ta hawa Windows mai bit 32.

Wannan na ƙarshe ya fi shafar irinmu. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da masu shagunan gem a garuruwanmu na hannu ne, tsofaffi, wasu har yau a Windows 7 suke. Valve ta daina tallafa wa Windows 7 da 8 da 8.1 tun ranar 1 ga Janairu 2024. A irin wannan yanayi lancar tana raye lafiya lau a duniya, a kwamfutarka ce ta tsufa aka bar ta a baya. Akwai kuma wanda ya sayi laftof a hannun wani, ya tarar da wasan tsohon mai ita a ciki, lanca kuma ta ce ba za ta buɗe ba sai an shiga da asusun da ba nasa ba. Sanadi ya bambanta, ciwon ɗaya ne.

A ganina wannan gazawa ce ta kamfanonin, kuma bai kamata a saba da ita ba. Duk wanda zai rufe shagonsa ya san tun watanni kafin ranar cewa zai rufe. Sabuntawa guda ta ƙarshe, wadda za ta bar maɓallin cirewa yana aiki ba tare da intanet ba, ba wani aiki ba ne. Hujjata ita ce wasannin da ake saukewa daga shagon intanet na GOG da fayil ɗin ɗorawa na kansu. Kowane yana zuwa da ɗan fayil mai suna unins000.exe a cikin foldarsa, kuma ko kamfanin ya shuɗe gobe fayil ɗin zai yi aikinsa. Ana ta muhawara a kan wane ne mai wasan da aka saya ta intanet. Da Ubisoft ta kashe sabar wasan The Crew, wato kwamfutocin kamfanin da wasan ke dogaro da su, a ƙarshen Maris 2024, wani mai yin bidiyo a YouTube, Ross Scott, ya ƙaddamar da gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025. Jihar Kalifoniya ma ta yi doka a Satumban 2024 da ta wajabta wa shagunan intanet su faɗa wa mai saye cewa lasisi yake saya. To, mu ce wasan nasu ne. Ma'ajiyar dai taka ce, da kuɗinka ka saye ta, kuma ba ka buƙatar izinin kowa kafin ka kwashe kayan wani daga ɗakinka.

Yanzu ga aikin. Wasa a kwamfuta kashi huɗu ne: babbar folda mai ɗauke da kusan dukkan nauyin, ƙananan fayilolin da ya watsa a wasu wurare, sabis ko direban da ya dasa a jikin Windows (ƙananan manhajojin da ke aiki a bayan fage), sai sunansa a rajista. Yadda za ka jera su shi ne muhimmi, domin kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da goge babbar folda.

Ka fara gwada ƙofofin da suka fi sauƙi. Idan lancar tana da magajiya, kamar yadda EA app ta gaji Origin, ɗora ta ka ga ko za ta gane wasan. In ta gane, ka huta. In ba haka ba, nemo inda wasan yake. Danna dama a kan alamarsa ka zaɓi Open file location, ko ka yi amfani da WinDirStat ko WizTree, manhajoji ne da ke zana maka ma'ajiyar ka ga wace folda ce ta fi ƙiba. Da ka shiga foldar, kada ka goge komai tukuna. Duba ko akwai fayil mai suna uninstall ko unins000. Wasu wasannin suna da nasu mai cirewa wanda ba ruwansa da lanca.

Sai ka kwashe abin da yake naka. Ci gaban da ka samu a wasa, da saitin da ka yi, da hotunan da ka ɗauka, yawanci ba sa cikin babbar folda. Suna Documents, sau da yawa a ƙarƙashin My Games, ko a Saved Games, ko a ɓoyayyiyar foldar AppData mai rassa uku: Local da LocalLow da Roaming. Idan ka danna maɓallin Windows tare da R, akwatin Run ya buɗe, ka rubuta %appdata% zai kai ka Roaming kai tsaye, %localappdata% kuma ya kai ka Local. Wasu tsofaffin wasanni kuwa a cikin foldarsu suke ajiye komai, shi ya sa na ce a duba kafin a goge. Kada ka dogara da cewa kamfani ya ajiye maka kwafi a sabarsa, tunda ta hanyar lanca ake kaiwa ga wannan kwafin, ita kuma ga halin da take ciki. Ka kuma tambayi kanka ko za ka sake buƙatar wasan. Duk wanda ya taɓa sauke gigabait 60 da datar waya ya san abin da hakan ke ci, na kuɗi da na dare. Idan wasan Steam ne kuma matsalar tsufan Windows ce, kwafe foldarsa daga steamapps\common tare da fayil ɗin appmanifest ɗinsa zuwa ma'ajiyar waje. A sabuwar kwamfuta Steam za ta gane fayilolin, ta sauke abin da ya canza kawai.

Kashi na uku shi ne wanda na fi so a tsaya a kansa, domin shi ne ba a gani, kuma shi ne mai haɗari. Wasannin da ake bugawa da wasu ta intanet suna zuwa da manhajar hana maguɗi, irin su Easy Anti-Cheat da BattlEye da tsohuwar PunkBuster da Vanguard ta kamfanin Riot. Waɗannan ba a foldar wasa kaɗai suke zama ba. Suna yin rajista a matsayin sabis, wasu kuma suna ɗora direba da ke aiki a can cikin zuciyar Windows, inda yake da iko fiye da kai mai kwamfutar. Direban da aka bari babu mai sabunta shi kamar ƙofar baya ce da aka manta ba a sa mata sakata ba. An ga misali a Satumban 2016, lokacin da wata sabuntawa ta wasan Street Fighter V ta ɗora direba mai suna Capcom.sys, masu bincike suka gano cewa kowace manhaja za ta iya bi ta kansa ta samu cikakken iko da kwamfuta, har kamfanin ya janye shi. Shekara guda kafin nan, a 2015, Microsoft da kanta ta kashe direban SafeDisc da tsofaffin wasannin faifai ke dogaro da shi, saboda matsalar tsaro.

Abin farin ciki, masu cire waɗannan galibi suna cikin foldar wasan. A foldar EasyAntiCheat akwai fayil ɗin Setup da ke da zaɓin cirewa, a foldar BattlEye kuma sau da yawa akwai Uninstall_BattlEye.bat. Vanguard tana da nata suna dabam a jerin manhajoji. Ka ga dalilin da ya sa bai kamata a fara da goge babbar folda ba: wanda ya yi haka ya jefar da makulli tare da shara. Sai dai a kula, sabis ɗaya na iya yi wa wasanni da yawa aiki. Idan kana da wani wasan mai amfani da BattlEye, bar shi. Don ganin abin da ya rage, rubuta services.msc a akwatin Run, ko ka sauke Autoruns daga shafin Microsoft, wadda ke nuna duk abin da ke tashi tare da Windows, har da sunan kamfanin da ya yi shi da inda fayil ɗinsa yake. A Autoruns cire alamar da ke gefen abu kashe shi ne kawai ba gogewa ba, don haka za ka iya mayar da shi in ka ga wani abu ya tsaya. Ni da wannan nake farawa kullum.

Daga nan sai babbar folda. Rufe lancar da duk abin da ke da sunan wasan a Task Manager, sannan ka goge. Ka tabbatar foldar wasan kaɗai ka zaɓa, ban da uwar foldar da ke ɗauke da sauran wasanni. Idan ta fi ƙarfin kwandon shara, Windows za ta tambaye ka ko a goge ta har abada, kuma a ma'ajiyar SSD abin da aka goge haka da wuya ya dawo. In kuma ta shiga kwandon, wurin ba zai dawo maka ba sai ka zubar da shi. Fayil ɗin da ya ƙi goguwa da sunan wai ana amfani da shi, sake kunna kwamfutar ka gwada, in ya ƙi ka shiga Safe Mode, inda yawancin sabis ba sa tashi.

Akwai wuri guda da wannan shawara ba ta aiki: wasannin Microsoft Store da ke cikin foldar WindowsApps. Windows ce ke kulle wannan folda da kanta, kuma wanda ya ƙwace ikonta da ƙarfi yana iya lalata wasu manhajojin. Waɗannan ta Settings ake cire su, ko ta umarnin Remove-AppxPackage a PowerShell.

Ƙanina a nan ya so ya yi ɓarna. Da ya ga aiki na tafiya sai hannunsa ya yi zafi, ya nuna min layuka kusan goma a jerin manhajoji, duk masu suna Microsoft Visual C++ Redistributable, na 2010 da na 2012 da na 2013 da sauransu, ya ce, "Yaya, waɗannan ma ai wasan ne ya kawo su, mu haɗa da su." Gaskiyarsa, wasanni kan ɗora su. Amma kayan haɗaka ne, wasu manhajoji da dama da su suke tashi, kuma kowace da shekarar da take nema. Girmansu bai taka kara ya karya ba, cire su kuwa kan jawo saƙon nan na cewa wani fayil ɗin dll ya ɓace, a manhajar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Haka DirectX da .NET. A bar su inda suke.

Saura suna a littafin mai gadi. Ko ka bar shi ba abin da zai ci maka, layuka ne kaɗan, amma yana da ban haushi mutum ya riƙa ganin sunan abin da babu shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta appwiz.cpl a akwatin Run, ka zaɓi wasan ka danna cirewa. Idan fayil ɗin da UninstallString ke nunawa ba ya nan, Windows za ta ce mai yiwuwa an riga an cire manhajar, ta tambaya ko a share sunan daga jerin. Ka amsa da e. Wannan dabara ba ta ci idan matacciyar lancar tana nan, domin Windows za ta same ta ta kira ta kamar kullum, don haka a fara cire lancar in babu sauran wasan da ke buƙatarta. Akwai kuma BCUninstaller da Revo Uninstaller da ke nemo ragowar fayiloli su jera maka. Ka karanta jerin da idonka kafin ka amince, domin da kamancin suna suke farauta, kuma sukan haɗa da abin da ba na wasan ba.

In duk sun ƙi, sai a shiga rajista da hannu. Rubuta regedit, ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SOFTWARE, Microsoft, Windows, CurrentVersion, har zuwa Uninstall. Manhajoji masu bit 32 a kan Windows mai bit 64 nasu reshen yana ƙarƙashin WOW6432Node, waɗanda aka ɗora wa mutum ɗaya kuma suna HKEY_CURRENT_USER. Wasu rassan sunansu a fili yake, na Steam misali Steam App ne da lambar wasan. Wasu kuwa dogayen lambobi ne da haruffa, sai ka danna kowane ka karanta DisplayName. Da ka samu naka, danna dama ka zaɓi Export ka ajiye kwafi, sannan ka goge wannan reshe shi kaɗai. Rajista ba ta da kwandon shara, abin da ka goge ya tafi nan take, kuma a nan ne mutum kan je neman gira ya rasa ido. Manhajojin da ke alƙawarin wanke rajista gaba ɗaya don kwamfuta ta yi sauri, Microsoft ta faɗa a fili ba ta goyon bayan amfani da su, ni ma ba na bai wa kowa shawararsu.

Goge wasa bai rufe asusunka ba. Idan ka taɓa sa katin banki ko ka shiga biyan wata-wata, wannan yana shafin kamfanin na intanet, can za ka je ka cire katin ka tsayar da biyan.

Mu dai kafin ƙarfe goma mun gama. Layin nan ja ya koma shuɗi, manhajar makarantarsa ta hau. Abin da ya rage na wasan shi ne wata folda da muka tsinta a Documents, ba ta kai megabait hamsin ba, cike da hotunan da ya ɗauka lokacin da suke bugawa da abokansa na sakandare. Ya daɗe yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana faɗa min sunan kowa, sannan ya ciro filashi daga aljihu ya kwafe su.